Kafin Ka Kashe Kuɗi Don Sanin Furen Daji: Manhaja, Madubi, Littafi, Ko Gwaggo?

Idan ruwan shuka ya sauka a ƙasar Daura, ba a yin sati biyu fako ya sake kama. Wanda ya bi hanyar Mai'aduwa zuwa Kwangwalam a cikin bazara bai ga komai ba sai rairayi da sabara da tumfafiya, in ya dawo ƙarshen watan Yuni sai ya ɗauka ɓatan hanya ya yi. Tsidau ya shimfiɗa tabarma a gefen titi da 'yan furanninsa ruwan ɗorawa, gasaya ta miƙe a bakin juji, albasar kwaɗi ta fasa ƙasa a fadama ta fitar da farin fure mai ratsin ja. In marka ta kankama kuma sai duman kada ya rufe bakin kududdufi, balasa ta cika ƙarƙashin gero da shuɗi.

Ɗan yayata ne ya jawo wannan rubutu. An ba su aikin makaranta su tattaro tsirrai su rubuta sunayensu, sai ya zo mini da maganar wai wayarsa ba ta da kyamarar kirki, in taimaka a sake masa wata. Na ce ya dakata. Na ɗan jima ina wannan sha'awa ta bin furen damina, na kashe kuɗi inda bai kamata ba, na kuma tsinci abin amfani a inda ban biya ko sisi ba.

Mutane suna ganin hotunan hamada ta yi fure a intanet suna sha'awa: Atakama a ƙasar Chile, Namakwaland a Afirka ta Kudu inda ake zuwa kallo a watannin Agusta da Satumba, da kwarin Death Valley na Kalifoniya a Amurka da ya cika da fure a 2005 da 2016. Mu ba a hamada muke ba, a bakinta muke, ruwan da muke samu a shekara yana kewayen milimita 600, kusan duk a tsakanin Yuni da Satumba. Amma dabarar tsirran iri ɗaya ce. Iri yana kwance a cikin rairayi wata takwas, wani ma shekaru, ba ya tsirowa da yayyafi, sai ruwa ya jiƙa ƙasa sosai. Da ya tsiro kuma sai gaggawa: tsidau yana iya yin fure cikin sati uku zuwa huɗu da tsirowa. Wasu furannin ma na safiya ɗaya ne. Balasa da ka gani da hantsi, kafin azahar ta narke kamar ba a yi ta ba, duman kada ma yana yamutsewa in rana ta take.

Wannan shi ne ma'aunin duk abin da za ka saya. Shin zai yi maka aiki da sassafe, a tsakiyar gona, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, ko ma wayarka ta tsallaka ta kama layin Nijar? In ba zai yi ba, kwalliya ce kawai.

Manhajojin waya

Nan kowa ke farawa, kuma daidai ne, tunda mafi kyawunsu kyauta ne. Huɗu ne suka cancanci a yi maganarsu.

Pl@ntNet ita nake sa wa a gaba. Cibiyoyin bincike na ƙasar Faransa ne suka ƙirƙiro ta, manhajar wayar ta fito a 2013, ba ta neman kuɗi. Abin da ya bambanta ta shi ne tana tambayar ka abin da ka ɗauka: ganye ne, fure ne, 'ya'ya ne, ko ɓawo. Kana iya haɗa mata hotuna da dama na tsiro ɗaya, sannan ta jero maka amsoshi, kowace da makin da ke nuna ƙarfin zatonta. Kana kuma iya zaɓar yankin Afirka ta Yamma domin kada ta riƙa kawo maka furannin Turai. Wannan zaɓin yanki shi ne rabin aikin, kuma yawancin waɗanda na ga suna kukan manhajar ba ta san komai ba, ba su taɓa shi ba. Tana da tsarin aiki ba tare da intanet ba, amma sai ka sauke shi tun kana gari, kuma yana cin wuri a waya.

iNaturalist daban take. Ta faro a 2008 a matsayin aikin ɗalibai a wata jami'a a Kalifoniya, yanzu ƙungiya ce mai zaman kanta da ba ta riba ba. Ita ma tana ba da zato nan take, sai dai ƙarfinta mutane ne: ka ɗora hoto da wuri da rana, wasu masana daga ko'ina a duniya su duba su tabbatar ko su gyara. Matsalarta a wajenmu haƙuri. Masu ɗora hoto daga Katsina da Jigawa da Damagaram ba su da yawa, masanan tsirran yankin ma haka, don haka hotonka yana iya yin makonni ba wanda ya tanka. Ga ɗalibi mai aikin da za a karɓa ranar Litinin, ba ta da daɗi. Ga wanda yake son ya tara tarihin abin da ke tsirowa a gonarsu shekara da shekaru, babu kamarta. Akwai wurin ɓoye ainihin inda ka ɗauki hoton, ka yi amfani da shi, musamman in a kusa da gida ne.

Seek ƙanwar iNaturalist ce, ba ta buƙatar rajista, tana aiki ko babu sabis, ka ɗora kyamara a kan fure kawai ta fara magana. Halinta ɗaya da nake so: in ba ta tabbata ba, sai ta tsaya a kan dangin tsiron, ba ta ƙirƙiro suna. A dajinmu takan tsaya ɗin sau da yawa. Ta fi dacewa da yara.

Google Lens tana cikin yawancin wayoyi tun daga shago. Aikinta kwatanta hotonka da hotunan da ke intanet, saboda haka dole sai da data, kuma abin da ya fi yawa a intanet shi ne furen lambu da na tukunya, ba ciyawar bayan garin Sandamu ba. Tana da amfani ga sanannun abubuwa irin tumfafiya da zaƙami. Ƙananan tsirran rairayi kuwa, sa'a ce.

Sai kuma masu kuɗi, irin su PictureThis. Tsarinsu kusan ɗaya ne: gwaji na 'yan kwanaki kyauta, daga nan a fara cire kuɗin shekara daga katin bankinka in ba ka soke ba. Sun ƙware ne a shawarar yadda za ka shayar da furen falo da gane cutar tsiron lambu. Mai gidan gona na furanni a Katsina zai iya cin moriyarsu. Mai bin furen daji, ban ga abin da za su ƙara masa a kan na kyauta ba.

Duk manhajojin nan da hotunan da mutane suka ɗora suka koyi aiki, kuma mafi yawan hotunan daga Turai da Amurka suke. Shi ya sa suke yin kuskure da ƙarfin hali. Bara na ɗauki furen wani tsiro a bayan gidanmu, ruwan ɗorawa mai kyau, wata daga cikinsu, ba sai na faɗi wacce ba, ta ba ni sunan tafasa. Gwaggona tana zaune a kan tabarma tana tsince wake, na nuna mata, ina ɗan alfahari.

Ko wayar ba ta karɓa ba. Ta ce, "Kai ɗan nan, tsinko mini ganyen." Na kawo. Ta juya shi sau ɗaya ta miƙo mini. "Wannan ai rai-ɗore ne. Ba ka ga bakinsa da tsini ba? Tafasa bakinta a dunƙule yake. Murza ka sunsuna."

Na murza, wari ya bugi hancina. Ta koma kan wakenta tana dariya, tana cewa in da wayar za ta yi mana kwaɗo da mun kwana a asibiti.

Laifin rabi nawa ne, fure kaɗai na ɗauka, kuma furen tafasa da na rai-ɗore da na filasko duk 'yan gida ɗaya ne, kamarsu ɗaya. Bambancin yana ganye da kwanso. Tafasa ƙananan ganye shida ne, bibbiyu sau uku, masu faɗin kai, suna rufewa da dare, kwansonta siriri dogo mai lanƙwasa kamar lauje. Rai-ɗore ganyensa ya fi haka yawa, masu tsini, kwansonsa a ɗan baje. Ɗaya ana kwaɗantawa da ƙuli, ɗayan kuwa 'ya'yansa suna cutar da dabba da yaro in an ci da yawa. Don haka komai manhajar da ka zaɓa, kada ka kai abu baki ko ka jiƙa wa wani a matsayin magani bisa shaidarta.

Sabuwar waya, ko gilashin maƙalawa

Abin da ɗan yayata ya zo nema ke nan, kuma shi ne na ƙarshe a lissafina. Wayoyin da suka cika kasuwarmu, Tecno da Infinix da itel da Redmi, da yawansu ana tallar su da kyamara uku ko huɗu a baya, ɗaya wai ta ɗaukar ƙananan abubuwa ce. A masu araha, wannan ƙaramar kyamarar sau da yawa megafiksel 2 ce kacal, hotonta dishi-dishi. Babbar kyamarar ta fi ta nesa ba kusa ba: ka ja baya kamar taƙi ɗaya, ka taɓa furen a fuskar wayar har ya fito sarai, ka ɗauka, daga baya ka yanke hoton. In iska tana kaɗa furen, ka sa tafin hannunka ko bangon littafi a bayansa, yana tare iska, yana kuma hana kyamarar kama ciyawar baya.

Idan dai dole za ka sayi waya, ka gwada ta a ƙofar shagon, a cikin rana, ba a ƙarƙashin fitila ba. Ka ɗauki zaren hularka ko bakin takardar kuɗi ka ga ko zai fito. Ka duba ko kana iya ganin fuskar wayar in rana ta haske ta, domin wannan ya fi yawan megafiksel muhimmanci a gona.

Gilashin da ake maƙala wa kyamara kamar ɗan kunne yana da araha, kuma mai kyau yana aiki. Sai dai yana buƙatar ka kusanci furen kamar za ka taɓa shi, hannu ba ya rawa, iska ba ta motsi. Na roba suna saurin karcewa da rairayi. Ni da a ce kuɗin abu ɗaya gare ni, fawa-banki zan saya kafin shi.

Madubin ƙara girma

Wannan ne abin da ban taɓa nadamar saye ba. Ɗan ƙaramin gilashi ne mai naɗewa cikin gidansa na ƙarfe, irin wanda masu gyaran agogo da masu sayar da zinari ke amfani da shi. Wanda kake so shi ne mai ninka girman abu sau 10. Za ka ga waɗanda aka rubuta wa sau 30 ko sau 40 da arha, kada su ruɗe ka: galibi rubutun ya fi gilashin ƙarfi, in ma gaskiya ne, wurin da za ka gani ya yi ƙanƙanta har ba za ka gane me kake kallo ba. Mai gilashi uku a manne ya fi mai falle ɗaya, ba ya karkatar da gefen abu, amma ya fi tsada. Ka gwada shi a kan rubutun jarida, in layin gefe ya lanƙwashe ko ya yi bakan gizo, ka ajiye. Babban madubin nan mai mariƙi na karatun tsofaffi ba ya wannan aiki, ƙarfinsa bai wuce ninki biyu ko uku ba.

Yadda ake riƙe shi ma ilimi ne. Ba a miƙa hannu da shi. Ka kafa shi dab da idonka, sannan ka jawo ganyen zuwa gare shi har ya fito, ka juya yadda haske zai faɗo a kan abin. Ranar da na fara yin haka da ganyen tafasa, na ga wani ɗan tsinke ƙarami a tsaye tsakanin ganye biyun farko, kamar an kafa turke. Na ɗauko rai-ɗore, babu shi a nan, nasa ƙullutu ne mai duhu can gindin sandar ganyen, inda ta haɗu da kara. Shekara nawa ina wuce tsirran nan ban san da wannan ba. Haka karkashi: furensa kamar na riɗi, ruwan hoda mai ɗigo a maƙogwaro, amma in ka duba kwanson za ka ga 'yan ƙahoni biyu a kansa, riɗi kuwa baki ɗaya gare shi. Irin ƙuduji ma sai da madubin za ka yarda iri ne ba ƙura ba, kuma wannan ƙurar ce ke iya kwanciya a gona fiye da shekara goma tana jiran saiwar gero ko dawa. Furensa kyakkyawa, ja-ja mai ɗaukar ido, manomi kuwa in ya gan shi gabansa faɗuwa yake. Ka rataya madubin a wuya da igiya, in ba haka ba rairayi zai haɗiye shi a fitar farko.

Littattafai

Gargaɗi tukuna. In ka nemi littafin furannin hamada a shagunan intanet, mafi yawan abin da zai fito na Arizona ne da Kalifoniya da Ostareliya. Hotuna masu kyau, amma ba za ka sami gasaya a ciki ba. Kada ka biya kuɗin jirgi a kan abin da ba na ƙasarka ba.

Mafi amfani ga mai farawa, a ganina, shi ne A Handbook of West African Weeds na Akobundu da Agyakwa, wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta buga a 1987 aka sake bugawa a 1998. Yana da hotuna masu launi da bayani gajere. Dalilin da ya dace da mu kuwa, yawancin abin da muke kira furen daji, a wurin manomi ciyawar gona ce: kashin yawo, gogamasu, nonon kurciya, balasa. Iyakarsa ke nan kuma, abin da bai dami manomi ba bai dami littafin ba.

Babban kundin shi ne Flora of West Tropical Africa na Hutchinson da Dalziel, wanda aka kammala bugu na biyu a 1972. Na masana ne, Turancinsa na fanni ne, zane ne a ciki ba hoto ba, kuma ba abin saye ba ne, abin zuwa laburaren jami'a ne. Shi Dalziel ɗin likita ne da ya yi aiki a Arewa zamanin Turawa, kuma tun 1916 ya fitar da ƙaramin ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa. Daga baya wani masanin tsirrai mai suna Burkill ya faɗaɗa wani littafin Dalziel na tsirrai masu amfani zuwa juzu'i shida tsakanin 1985 da 2004, da sunayen Hausa da na Fulatanci a ciki. Amfanin waɗannan a gare mu shi ne gada: ka ji suna a bakin tsohuwa, ka nemo na kimiyya, sannan ka duba hotonsa a shafin hotunan tsirran Afirka na cibiyar Senckenberg da ke Jamus, wanda kyauta ne.

Abu ɗaya da zai rikita ka: sunayen kimiyya ma suna canzawa. Tsofaffin littattafai suna kiran tafasa Cassia, sababbi suna cewa Senna. Gasaya za ka same ta a Gynandropsis a nan, a Cleome a can. Ba kuskuren bugu ba ne.

Mutanen da suka sani

Da za a bi ta tawa, kuɗin farko goro za a saya da shi. Matan da ke tsinko ganyen miya su sayar a kasuwa, makiyayan da ke bin shanu, masu yankan ciyawar doki da suka san gadagi tun yana ganye biyu, masu maganin gargajiya, kowannensu yana da nasa fannin. Mai ganye ta san abin ci, ta san lalo da karkashi da yaɗiya tun kafin su yi fure, abin da babu manhajar da ta iya. Bafulatani ya san abin da ke kumbura dabba, shi ne zai gaya maka kada tumaki su yi kiwo a duman kada. Ka je da tsiron a hannu, da saiwarsa in zai yiwu, ka gaisa yadda ya kamata, ka ce, "Baba, don Allah mene ne sunan wannan a wajenku?" Wannan "a wajenku" tana da muhimmanci, ba ta sa mutum ya ji ana yi masa jarrabawa.

Su ma suna da iyaka, kuma gara a faɗa. Suna ɗaya yakan hau tsirrai da yawa: albasar kura da albasar kwaɗi ana kiran abubuwa daban-daban masu kan albasa da su. Tsiro ɗaya kuma yakan yi suna uku: ƙuduji a nan wuta-wuta ne a can, zaƙami wani ya ce haukata-yaro, karkashi wani ya ce yoɗo. Ƙaramin furen da ba a ci, ba a magani, dabba ba ta damu da shi ba, sau da yawa amsar da za ka samu ita ce "ciyawa ce kawai". A nan ne manhaja da littafi suke karɓar aiki.

Ga wanda abin ya zame masa na makaranta, akwai mataki na ƙarshe: matse tsiro a busar. Ba sai ka sayi komai ba. Kafinta ya yanko maka falle biyu na katako daidai faɗin jarida, ka nemi tsofaffin jaridu da kwali, ka ɗaure da robar tayar babur. A cikin marka sai ka riƙa canza jaridar kullum, in ba haka ba fumfuna ta cinye aikin. Ka rubuta wuri da rana da launin furen nan take, domin shuɗin balasa ba ya kai gobe. Irin wannan samfurin ne ake kaiwa ma'ajiyar busassun tsirrai, kamar ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, a kwatanta a tabbatar da suna.

To wa zai sayi me? Mai sha'awa kawai, Pl@ntNet da madubi mai ninki 10 sun ishe shi shekaru. Manomi da ke son sanin abin da ke cin gonarsa, littafin ciyayin nan da malamin gona sun fi masa kowace manhaja. Malamin makaranta mai fita da yara, Seek a waya ɗaya da madubai uku ko huɗu a riƙa zagayawa da su. Kowa kuma ya sa takalmi rufaffe saboda tsidau da ƙarangiya da kububuwa, ya tsaya a gonakin da aka san shi. Dazukan yammacin jihar irin Rugu, a halin da ake ciki, ba wurin neman fure ba ne.

Ɗan yayata dai bai samu waya ba. Na ba shi aron madubina, na tura masa kuɗin data, na haɗa shi da Gwaggo. Ranar Asabar na same su a zaure, ya baje tsirrai goma sha huɗu a kan buhu, tana faɗa yana rubutawa. Sha ɗaya ta ba shi sunansu, biyu ta ce ciyawa ce kawai, na ƙarshen kuma ta sa ya fitar mata da shi daga gida ya wanke hannu da sabulu, zaƙami ne ya tsinko da furensa.